Ajin Masu Goyo: Kundin Aikinmu a Gadarif

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau bayan la'asar muka zauna mu biyar a ƙarƙashin rumfar gidan wata dattijuwar unguwarmu da kowa yake kira Gwaggo, muka ƙirga 'yan matan da muka sani waɗanda suka taɓa shiga sakandare, aka yi musu aure, suka haihu, ba su kuma sake taka ƙofar aji ba. Uku daga cikinmu malaman makaranta ne, ɗaya ungozoma ce mai takardar horo, ta biyar kuma ita ce mai gidan. Kafin a kira magariba mun ƙirga goma sha huɗu a unguwa biyu kawai, babbarsu tana da shekara goma sha tara, ƙaramarsu kuma ba ta cika goma sha shida ba. Ni malamar lissafi ce, biyar daga cikinsu ma da hannuna na koya musu, don haka 'yan'uwana suka ɗora mini rubuta abin da yake gudana, saboda kada mu manta da inda muka dace da inda muka kuskure. Ba zan kama sunan kowace yarinya ba, domin sirrin gidajen aurensu amana ne a hannunmu.

Dalilin yawansu a fili yake. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 makarantu suka rufe a faɗin ƙasar, kuma ko da yake ba a gwabza a cikin garin Gadarif ba, waɗanda faɗan ya koro duk nan suka nufo. Da birnin Madani ya faɗi a watan Disamba na bara, sannan garin Sinja a ƙarshen Yunin bana, sai azuzuwan da muke koyarwa a cikinsu suka koma ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira, ana shanya a kan tagogi, ana girki a bakin ofishin shugaba. Uban da ya yi alkawarin cewa sai 'yarsa ta gama aji uku zai saurari masu neman aurenta, da ya ga wata shida ya wuce, shekara ta wuce, babu ranar komawa, ga tsadar hatsi, ga baƙi sun cika gida, sai ya karɓi sadaki. Na san da yawa daga cikin iyayen nan, kuma ba zan iya kiran su mugaye ba.

Auren wuri dai ya girmi wannan yaƙi, yaƙin gudu kawai ya ƙara masa. Binciken gidaje da aka yi a 2014 ya nuna cewa kusan kashi 34 cikin ɗari na matan Sudan masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta yarda a aurar da yarinya tun tana da shekara goma idan alƙali ya ba da izini, alhali Dokar Yara ta 2010 tana ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Gyaran wannan saɓani ya fi ƙarfin mata biyar a ƙarƙashin rumfa. Abin da muka ga za mu iya shi ne mu bi waɗanda auren ya riga ya ɗauru, haihuwar ta riga ta zo, mu mayar da su kan hanyar Shahadar Sudan, jarrabawar da take buɗe wa ɗalibi ƙofar jami'a da ta makarantun horar da ma'aikatan lafiya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, 2024

Mun gama zaga gidaje goma sha huɗun nan. Mun fita da zaton cewa da mazaje za mu yi fama, sai muka tarar yawancinsu ma ba sa gari, suna can gonaki ana yankan riɗi, wanda ba ya jiran kowa idan ya nuna, domin kwana kaɗan aka ƙara sai ya fashe ya zube a ƙasa. Waɗanda muka samu ta waya, in ban da biyu, cewa suka yi mu je mu ji ta bakin iyayensu mata. Ashe maganar a hannun uwar miji take, ita kuma tambayarta ɗaya ce a kusan kowane gida.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata yarinya 'yar Rusairis, wadda iyayenta suka baro can bayan rikicin da ya faɗa wa Hausawan jihar Bulu Nil a watan Yuli na 2022, tana aji biyu a lokacin. Mun same ta tana dama gero, ɗanta ɗan wata biyar yana goye, surukarta kuma tana wanke robobin da take fita da su sayar da godogodo, wani abin sha na gero. Da muka gaisa muka faɗi abin da ya kawo mu, sai tsohuwar ta ajiye soso ta ce, "Ustaza, ni ban hana ta karatu ba, Allah ya sani. Amma tun hantsi nake fita, sai yamma nake dawowa. In ta tafi, wa zai riƙe yaron, wa zai ɗora sanwa?" Na ce, "Inna, maganar girki za mu daidaita lokaci, ta yaro kuma ki ba mu mako biyu." Gaskiyar magana a lokacin ba ni da amsa, alkawari kawai na yi. Da za mu fita yarinyar ta ja ni ɗaki, ta sauke jeren tukwanen aurenta daga kan wani akwatin ƙarfe, ta buɗe, ta ɗauko littattafan rubutunta guda shida ɗaure da igiyar leda. Da su ta gudo daga Rusairis. Ta buɗe mini na kimiyyar sinadarai, ta nuna shafin da darasi ya tsaya, da kwanan wata a samansa, rabin shafin babu komai.

Gidaje goma sha ɗaya sun amince. Uku sun ƙi, kuma mun yanke shawarar kada mu matsa, mu dai bar ƙofa a buɗe.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na je wurin shugabar wata sakandaren 'yan mata don jin ko za ta mayar da sunayen yaranmu cikin rajista. Ta karɓe ni da mutunci, amma ba ta ɓoye damuwarta ba: rabin azuzuwanta har yanzu da mutane a ciki, iyayen sauran ɗalibai za su yi ƙorafin a haɗa 'ya'yansu da matan aure, sannan ba ta da wurin da za a ajiye jarirai. Ban ji daɗin hujjarta ta biyu ba, na kuma faɗa mata, domin yarinyar da ta zauna kujera ɗaya da su shekara biyu ba ta zama abin gudu ba don ta haihu da aure. Hujjarta ta uku kuwa gaskiya ce tsantsa, ita ce dai tambayar tsohuwar nan mai godogodo.

Hanyoyin zama Shahada uku ne: ɗalibin makaranta na kullum, ɗalibin azuzuwan Ƙungiyar Malamai waɗanda masu maimaitawa suka fi shiga, da kuma wanda ya yi karatunsa a gida ya yi rajista da kansa, waɗanda ake kira 'yan manazil. Mun kasa yaranmu uku. Biyu suna aji uku lokacin da yaƙi ya tashi, ɗayarsu a Madani, sunayensu suna cikin rukunin 2023 da aka ɗage wa jarrabawa, kuma an ce ƙarshen Disamba za a zauna. Uku za mu shirya su a matsayin 'yan manazil don zama na gaba. Sauran shidan aji ɗaya ko farkon aji biyu suka tsaya, su ne muke so a ƙarshe su koma makaranta sosai, da rigar makaranta da komai.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Mun fara darasi tun makon jiya a wani shago da ba a haya, daga bayan azahar zuwa la'asar, kwana huɗu a mako, da safiyar Asabar gaba ɗaya. Kuskurenmu na farko shi ne da muka ce kowace ta zo da goyonta, tunda mata suna noma da goyo, suna daka da goyo, muka ɗauka karatu ma zai yiwu. Bai yiwu ba. Ranar Talata ina kan allo ina warware lissafi mai matakai biyar, ɗaya ya fara kuka, kafin uwar ta kwance zani ta juyo da shi na kusa da shi ya kama, cikin ɗan lokaci jarirai bakwai suna tsala ihu a shago mai rufin kwano. Da aka lafa na tambayi inda muka tsaya, babu wadda ta iya faɗa. Wadda ta fi kowa ƙoƙari a cikinsu ta kifa kai a kan littafi tana hawaye, ta ce ƙwaƙwalwarta ce ta mutu tun da ta haihu. Na ce mata ƙwaƙwalwarta lafiya lau take, barcin sa'a uku a dare da kunnen da kullum yake wurin yaro ne suka hana darasi zama.

Gwaggo ce ta warware mana. Ta ce a kwashe buhunan da ke ɗakinta na waje, a shimfiɗa tabarmi, a kawo mata yaran, mu kuma mu dawo da allo ƙarƙashin rumfarta, taku ashirin daga ɗakin. Ta samo wasu tsofaffi biyu, ɗaya 'yar gudun hijira ce daga Sinja, waɗanda za su riƙa taya ta reno a kan ɗan abin da za mu haɗa musu duk wata. Muka tsaga darasin biyu da hutun shayarwa a tsakiya, domin ungozomarmu ta ce a zafin garin nan nonon da aka tatsa ba ya jimawa ba tare da firji ba, kuma ba ta so a fara ɗura wa 'yan ƙasa da wata shida ruwa ko kunu saboda uwa tana aji. Ta kuma kafa doka mai tsanani a kan tsafta, tunda kwalarar da aka sanar da ɓarkewarta a watan Agusta ta yi ɓarna sosai a nan da Kasala: buta da sabulu a bakin ƙofa, ruwan da muke saye wurin masu karo, wato amalanken jaki, sai an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, yaron da yake gudawa kuma ba ya shiga ɗakin, a kai shi asibiti tukuna.

Yau da safe mun yi sa'a biyu cur babu wadda ta waiwaya. Na koma gidan mai godogodo na ce, "Inna, ga amsar tambayarki." Ta zo da ƙafarta ta leƙa ɗakin, ta ga jikanta yana barci a kan katifa da gidan sauro, ta yi wa Gwaggo godiya irin ta manya, ta tafi.

Juma'a, 13 ga Disamba, 2024

Wannan wata na takardu ne, kuma ya gajiyar da ni fiye da koyarwa. Ba a yin rajistar jarrabawa sai da lambar ɗan ƙasa, biyu daga cikin ukun da muke shiryawa kuma ba su da ita. Ɗaya takardun gidansu sun ƙone, ɗayar kuwa mahaifinta bai taɓa yi wa 'ya'yansa mata ba. Sau huɗu ina raka ta biyun wani ofishi, kullum da sabuwar buƙata, har aka ce sai ta kawo dattijo daga dangin uba wanda zai shaida asalinta. Wani ma'aikaci da ya ji muna Hausa ya tambaye ta yaushe iyayenta suka shigo ƙasar. Yarinyar ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Ni na amsa masa, na ce kakan kakanta yana cikin jama'ar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Bulu Nil kusa da Sinnar, rabin ƙarni kafin Sudan ta sami 'yancin kai a 1956. Bai ce komai ba, ya karɓi takardar. Na rubuta wannan ne domin duk wanda zai yi irin aikinmu a cikin Hausawan ƙasar nan ya sani tun farko cewa sai ya ware lokaci da kuɗin rakasha, wato keke-napep, na musamman don wannan tambaya, kuma kada ya bar yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta je ta fuskance ta ita kaɗai da goyo a baya.

A kan wannan kuma ga canjin kuɗi da aka fara ranar 10 ga wata, na takardun fam 500 da 1000. Ɗan abin da muka tara daga gudummawar matan unguwa a gwangwani yake, sai da muka zuba shi a asusun ɗayarmu, yanzu ta Bankak, manhajar banki ta waya, muke biyan komai. Masu renonmu ba su da waya irin wannan, don haka hatsi da sukari da mai muke saya musu a madadin kuɗi, sun ce ma hakan ya fi musu.

Asabar, 28 ga Disamba, 2024

An fara Shahadar rukunin 2023 yau, bayan jinkirin shekara ɗaya da rabi. Yaranmu biyu sun shiga. 'Yar Madani ɗiyarta wata uku ce kacal, ba ta karɓar komai sai nono, saboda haka ungozomarmu ta ɗauki tabarma da laima ta zauna a gindin wata bishiyar darbejiya da ke tsallaken cibiyar jarrabawar. Uwar ta shayar da ita har aka fara kiran lambobi, ta goge bakin jaririyar da gefen mayafinta, ta miƙa ta, ta duba katin zamanta sau biyu, ta shige ba ta juyo ba. Da ta fito gaban rigarta ya jiƙe da nono, ta rufe da jakar leda, abin da ta fara tambaya shi ne ko yarinyar ta yi kuka. Ta yi, amma ba mu faɗa mata yawan kukan ba sai da ta ci abinci. Haka za mu yi kullum har a gama, mun raba kwanakin a tsakaninmu.

Ina tuna ɗaliban Darfur da sauran wuraren da ba a iya buɗe cibiyoyi ba, waɗanda suka jira wannan rana kamar yadda namu suka jira, ba su kuma samu zama ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An gama jarrabawa lafiya. Yau kuma labari ya zo cewa sojoji sun shiga Madani, gari ya cika da guɗa da ƙahon motoci. Mijin 'yar Madani ya riga ya fara maganar komawa. Na karɓi lambar wayar ƙanwarsa da ta mahaifiyarsa, na kuma rubuta lambar zaman yarinyar a wurare biyu, don ko sun tafi mu iya duba mata sakamako.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2025

An gama girbin dawa, mazaje sun dawo gari, matsalar da muka zata tun farko kuma sai yanzu ta iso. Mijin ɗaya daga cikin 'yan aji ɗaya ya hana ta fita, ya ce abokansa suna yi masa gori wai matarsa ta koma 'yar makaranta, gobe za ta fi ƙarfinsa. Ba mu je wurinsa da kanmu ba, domin saurayi ɗan shekara ashirin da uku ba zai so a ce mata sun tanƙwara shi ba. Gwaggo ta aika wa limamin masallacin unguwa, wanda ya karantar da yaron allo tun yana ƙarami.

Malam bai kira shi gaban mutane ba. A karatun da yake yi tsakanin magariba da lisha ya ɗauko tarihin da duk Bahaushen ƙasar nan yake alfahari da shi, ya ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma kawo Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna kai karatu ƙauyuka. Bayan an watse ne ya riƙe yaron su biyu. Ban san abin da suka tattauna ba, abin da na sani shi ne yarinyar ta dawo ranar Lahadi, da sharaɗin ƙanen mijin zai riƙa rako ta yana komawa da ita. Mun karɓi sharaɗin.

Akwai abin da na daɗe ina juyawa a raina game da 'Yan Taru. Waɗanda suke yin tafiya zuwa wurin Nana Asma'u galibi tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, matan da ke tsakiyar haihuwa da reno kuwa suna gida, karatun ne ake kawo musu. Ta san nauyin da ke kan mai goyo, ta kuma ɗora tsarinta a kan tsofaffin mata. Mu ma ba da shiri ba muka tarar da kanmu a wannan hanya, don in aka cire Gwaggo da abokan renonta biyu, babu darasin da zai yi mako guda.

Juma'a, 14 ga Maris, 2025

Azumi ya kai rabi. Mun mayar da darasi safiya, mun rage shi zuwa kwana uku, domin aikin buɗa baki a gidan surukai kan amarya yake sauka. Malam ya yi wa yaran bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai shayarwa idan ta ji tsoron cutuwa ga kanta ko ɗanta, amma yawancinsu suna jin kunyar a gan su suna ci. Zuwa aji ya ragu ƙwarai. 'Yar Madani ta tafi da mijinta makon jiya.

Juma'a, 25 ga Afrilu, 2025

Wata mai nauyi. Zafi ya wuce digiri 40 kusan kullum, rumfar ba ta zaunuwa bayan azahar, sai muka koma zaure. 'Yar Rusairis ta faɗi a aji ranar Litinin. Ungozoma ta ja fatar idonta ta ƙasa ta ga ta yi fari fat, aka kai ta gwaji, aka tarar jininta ya yi ƙasa sosai, ga kuma ciki na wata biyu, ɗanta na fari bai cika shekara ba. Ita ce wadda na fi sa rai da ita a zaman da ke tafe. Da na je duba ta ta riƙe hannuna ta ce, "Ustaza, shi ke nan na fita ko?" Na ce ba ta fita ba, sunanta yana cikin rajista, lambar ɗan ƙasarta ta fito, za ta zauna da cikinta in Allah ya ba ta lafiya.

Laifinmu a nan shi ne mun yi wata shida muna koyar da Larabci da Ingilishi da lissafi, muka kauce wa maganar tazarar haihuwa saboda tsoron kada surukai su ce mun zo ɓata musu gida. Ungozoma ta yi ta faɗa tun Nuwamba, mu malaman muka ce a bari tukuna. Yanzu mun gyara. Ta fara zama da iyayen mazan su kaɗai, ta faɗa musu abin da ta gani da idonta a shekarun aikinta, cewa yarinyar da jikinta bai gama girma ba idan ta jera haihuwa babu hutu jininta yana ƙarewa, jaririn yana zuwa ƙarami, na goye kuma a yaye shi ba lokaci ba. Ta tuna musu cewa Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, kuma iyayenmu na da ma suna mayar da mai jego gidansu ta daɗe don ta huta. Tsofaffin ba su musa ba, wata ma cewa ta yi su a zamaninsu abin kunya ne a ga mace da kwanika. Wadda take so a yi mata bayanin hanyoyin asibiti, ita da mijinta, ungozoma tana ganin su a keɓe. Mun kuma sa an auna jinin sauran yaran duka, an ba huɗu ƙwayoyin ƙarin jini, muka duba katin rigakafin jariran, aka kai uku da suka wuce wata tara allurar ƙyanda.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Sakamakon zaman Disamba ya fito. 'Yar Madani ta ci, ba da maki mai yawan da zai kai ta karatun likita ba, amma ya isa ta nemi makarantar koyon aikin jinya, abin da take so ke nan tun tana aji ɗaya. Ta wayar ƙanwar mijinta na sanar da ita, na ji guɗa ta tashi a can kafin in gama magana. Ɗayar ba ta kai ba, lissafi da Ingilishi ne suka ja ta ƙasa, lissafin kuma darasina ne. Mako shida kawai na samu da ita kafin jarrabawa, na ɓata biyu daga ciki a kan babin da na fi so maimakon tambayoyin shekarun baya. Ta ce za ta sake, mun sa ta cikin masu shiri.

Labarin cin jarrabawar nan ya zaga unguwa. Biyu daga cikin gidaje ukun da suka ƙi mu a Oktoba sun aiko, an kuma kawo mana wasu yara huɗu daga wata unguwa. Ɗakin Gwaggo ba zai ɗauki jarirai fiye da goma sha biyu ba, don haka mun rubuta sunayensu mun ce su dakata.

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

Saura kwana takwas a fara Shahadar rukunin 2024. Tun bayan babbar salla muke bitar tambayoyin baya da agogo a gaba, domin yaranmu sun san amsa, saurin rubutu ne ya gudu daga hannunsu. Na sake komawa wurin shugabar makarantar nan, azuzuwanta sun fara komawa hannunta tunda mutane suna ta komawa Madani da Khartum. A wannan karo ban je da roƙo kawai ba, na tafi da littafin zuwa aji na wata bakwai da takardun gwajin da muka yi wa 'yan aji ɗaya da biyu. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce za ta karɓi huɗu idan sabuwar shekarar karatu ta kama, muddin renon yaran yana wuyanmu, kuma a wajen harabar makaranta.

Asabar, 12 ga Yuli, 2025

An fara ranar 29 ga Yuni, an gama a makon nan. Yaranmu uku sun zauna dukkan darussa bakwai, har da 'yar Rusairis, wadda ta yi amai sau biyu a ranar lissafi ta koma ta ƙarasa. Surukarta ba ta fita da godogodo ba tsawon kwanakin, ita ta riƙa zama a bakin cibiyar da jikanta a cinya.

Damina ta sauka, baƙar lakar garin nan ta fara riƙe takalma, rakasha ba ta shiga layin Gwaggo idan an yi ruwa. Rufin ɗakin reno yana yoyo ta kusurwar gabas, mun ja katifu gefe mun tara bokiti, mai gyara ya ce sai an sauya kwano uku. Gidaje biyu sun sanar da mu cewa za su tafi da yaranmu gona har bayan shuka da noman farko, mun haɗa musu darussa a rubuce da ranar da za su dawo. Babbar matsalar da ke gabanmu ita ce nisan makarantar daga gidan Gwaggo, wanda ya kai tafiyar rabin sa'a, hutun karin kumallo kuma ba zai isa uwa ta zo ta shayar ta koma ba. Akwai wata bazawara mai ɗaki biyu a bayan katangar makarantar, an ce ɗayan babu kowa a ciki. Ni da ungozoma za mu je mu gan ta ranar Litinin, Gwaggo kuma ta ce za ta bi mu, domin tana so ta ga inda za a kwantar da yaran da idonta kafin a yi maganar kuɗin haya.